Gayyar da Ta Kusa Raba Ni da Gidana

'Yan'uwa ƙaunatattu, na nan London da waɗanda takardar nan za ta iske a nesa, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, wanda iska da ruwa suke jin maganarsa ko da kamfanin inshora bai ji ba. Ku yabi Ubangiji!

Ni ne Baba Istifanus na unguwar Edmonton, mai zama a benci na baya a coci kusa da heater mai ɗumama ɗaki. Wanda bai san sunana ba ya san hulata. Na so in ba da shaidar nan a gaban ikilisiya ranar Lahadi, amma Pasto ya ce minti biyar ake ba kowa, ya kuma duba agogonsa tun ban buɗe baki ba. Ni kuwa gaisuwata kaɗai ta fi minti biyar. Shi ya sa na ce a ba ni biro. Karatuna bai yi nisa ba, tun a firamare muka yi sallama da malamai cikin mutunci. Inda kuka ga rubutu ya karkace, ku miƙar da shi a zuci. Allahn da nake ba da shaidarsa bai karkace ba.

Na tuƙa bas a garin nan har gashin kaina ya gaji ya tafi. Matata, Maman Rifkatu, ta yi aikin kula da tsofaffi har ita ma ta shiga sahunsu. Da wannan gumin muka sayi gidan council, wato na ƙaramar hukuma, da muke ciki, muka biya shi har ƙarshe. Ƙaramin gida ne, manne da na maƙwabta dama da hagu, amma namu ne. A nan muka yi renon 'yarmu Rifkatu. Ba ni da gona a gida kuma, ba ni da shanu. Gidan nan shi ne duk abin da zan nuna in an tambaye ni me na yi a Ingila.

Kuma ina biyan inshorar gida. Kowane wata suna cire nasu tun kafin in ga albashin da idona. Ban taɓa neman ko allura a wurinsu ba.

Kafin in kai ga iska, dole in kai ƙarar matata, domin tana cikin maganar. Maman Rifkatu ba ta zubar da komai. Leda, kwalbar mai, tsohon labule, murfin tukunyar da tukunyar ta riga ta mutu, duk suna da ɗaki a gidanmu. Ka buɗe firij ka ga robar ice cream, ranka ya yi fari, ka buɗe ka tarar da daddawa. Tun muna da ƙuruciya nake yaƙi da tarkacen nan, ban taɓa cin nasara ba. Tana kuma da ɗan fili da council ta ba ta haya tana noma alayyafo da wake da kabewa. Ni ban taɓa taka wurin ba. Na ce mata da gangan na bar fartanya a ƙauye, ban shigo jirgi don in zo in same ta a London ba.

To, ranar wata Jumma'a, cikin sanyi, aka yi ta shela a talabijin cewa kowa ya zauna a gida, babbar iska tana zuwa. Turawa har suna suke raɗa wa iska kamar jaririya. Na yi dariya. Na ce mu da muka ga iskar farkon damina tana ɗauke kwano daga kan ɗaki ta kai shi kasuwa, wace iska ce za a tsorata mu da ita a nan?

'Yan'uwa, kada mutum ya yi wa iska dariya a gabanta.

Da rana tsaka ta iso. Na ga kwandunan shara suna tsere a titi ba direba. Shingen maƙwabcinmu ya kwanta. Sai muka ji wata ƙara a sama, kamar an juye tirelar duwatsu a kan gidan. Muka hau bene da gudu, irin gudun da tsofaffi suke iyawa. Tayil ɗin rufi na ɓangaren baya sun tashi, katakon da yake riƙe da su ya kakkarye, ruwa yana zuba. Muna tsaye a bakin ƙofa silin ya kumbura ya faɗo a kan gadonmu. A daidai inda nake sa kaina!

Maman Rifkatu ta ce, "Yesu!" Ni kuwa ina tsaye a ɗakin kwanana ina kallon sararin sama.

Kafin in gama kallon, ta riga ta kira shugabar Zumuntar Mata ta ikilisiyarmu. Kun san in magana ta shiga Zumuntar Mata ta fi iska sauri. Washegari Asabar da sassafe, ƙofar gidana ta cika. Gayya! Yaranmu da aka haifa a nan, ku tambayi iyayenku. A gida in masifa ta faɗa wa mutum, ba a jira ya roƙa. Kowa ya ɗauko abin aikinsa a taru a gyara, maigida ya ba da abinci, shi ke nan.

Ɗan'uwa Bulus, wanda yake aikin gini, ya zo da van da tsani. Ya kawo wasu tsofaffin tayil da suka rage masa daga wani aiki, wasu ja, wasu baƙi, wani ma ban san launinsa ba. Ya hau da samari suka cire duk abin da ya karye, suka sa sabon katako inda ya samu, suka toshe ramin, suka ja tamfol. Ya ce mini, "Baba, wannan na wucin gadi ne fa, don ku samu wurin kwana. Ainihin aikin sai 'yan inshora sun zo." Mata suka kwashe silin da ya faɗo, suka share, suka goge, suna waƙa. Aka tuƙa tuwo, aka dama kunu. Na yi ta share hawaye ina cewa ƙura ce.

Da na ga tulin fasassun tayil da karyayyun katako a bayan gida, na kuma ga yadda matata take kallonsu, sai na ɗaga murya don kowa ya zama shaida. Na ce, "Bulus, duk tarkacen nan a kai juji yau. Ko guntu ɗaya kada ya kwana a gidan nan." Na kalli Maman Rifkatu. Ta ce, "To, Baba." Na ji daɗi. Na ce a raina, yau dai na yi mulki a gidana.

Ba wanda ya ɗauki hoton ɓarnar. Wa zai tsaya yana ɗaukar hoto ruwa yana zuba a kan gadon dattijo? Abin kunya ne. Hoto ɗaya aka yi, da yamma, bayan an gama. Dukanmu a ƙofar gida, gida fes, kowa da kwanon tuwo a hannu yana murmushi.

Ranar Litinin na kira kamfanin inshora. Wata yarinya mai murya mai daɗi ta tambaye ni yaya ɓarnar take. To, ku da kuka tashi a gida kun sani, mutum ko ƙafarsa ce ta karye ka je dubiya, "da sauƙi" zai ce maka. Ba a yi wa Allah ƙorafi a gaban baƙo. Sai na ce mata da Turancina na cikin bas, "We thank God, it is not too bad, nobody died." Ta ce ta ji daɗin jin haka. Ashe ana naɗar muryata.

Bayan wasu kwanaki suka aiko mai duba ɓarna. Ranar Maman Rifkatu ta tafi asibiti ganin likitan ƙirji, domin tana da asma, ni kaɗai ne a gida. Mutum ne mai ladabi, ya cire takalmi ba a ce masa ba. Ya ɗaga kamara a kan doguwar sanda ya leƙa rufin. Ya shiga ɗakin kwana ya ga an share tas. Ya ce, ina tayil ɗin da suka fashe? Na ce, juji. Katakon fa? Juji. Silin? Na ce, ɗana, mu ba mu kwana da datti. Ya ce ko akwai hoto? Na ce akwai mana! Na ciro waya na nuna masa hotonmu da tuwo.

Ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce, "Lovely." Na ba shi kunu ya ce ya ƙoshi. Tun daga nan na san akwai magana.

Amsarsu ta zo. Sun yarda an yi iska, na gode musu da wannan. Amma sun ce rufina tsoho ne, an yi masa faci barkatai da tayil kala-kala tun da daɗewa, ga alama katakon ma ya ruɓe, kuma ni da bakina na ce abin da sauƙi. Wato facin da Bulus ya yi ranar Asabar shi suka mai da laifin shekaru. A taƙaice, tsufa ne ya cire rufin, ba iska ba, kuma ba su biyan tsufa.

Na ce ikon Allah! Tsufa ai muna tare da shi a gidan nan tuntuni. Yana gwiwata, yana bayana. Bai taɓa ɗaukar tayil ya jefa a lambun maƙwabci ba.

Na kira mai gyaran rufi ya faɗi abin da aikin zai ci. Sai da na nemi kujera. Fanshon direban bas ba zai hau wannan tsanin ba.

Nan fa wahala ta fara. Facin Bulus ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ruwan London ba ya faɗa, lallaɓowa yake yi. Muka jera bokitai a sama. Robobin ice cream ma suka samu aiki. Muka dawo kwana a falo. Bango ya jiƙe, baƙar fumfuna ta fito a kusurwa kamar an shuka ta. Ƙirjin Maman Rifkatu ya fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ina ji, ina kau da kai.

Duk lokacin da ta tambaye ni, "Baban Rifkatu, 'yan inshoran nan fa?" sai in ce, "Ana kan magana." Ban faɗa mata sun ƙi ba. Tana da hawan jini, kuma haka muka ga iyayenmu suna yi, namiji ya haɗiye mugun labari shi kaɗai. Rifkatu kaɗai na faɗa wa, ita da take aikin nas a asibiti can Camberwell, na kuma sa ta yi mini alkawari ba za ta ɗaga wa uwarta hankali ba.

Rifkatu tana jin Hausa sarai, amma amsa sai da Turanci. Ta ce, "Daddy, you threw everything away?" Na ce ba ni kaɗai ba, ikilisiya guda ce ta taya ni. Ta dafe kai. Ita ta zauna ta rubuta musu ƙorafi, ta yi musu bayanin gayya dalla-dalla. Suka amsa cikin ladabi mai yawa cewa sun ji, sun tausaya, amma ba hujja. Ban taɓa ganin mutanen da suka iya cewa a'a da daɗi kamar Turawa ba. Za su hana ka, ka ji kamar ka ba su tukuici.

Rifkatu ba ta tsaya ba. Ta samo wata mata mai duba gine-gine, wadda ba ta cin albashin kamfanin. Matar ta hau ta duba ta sauko. Ta ce ita ma tana ganin aikin iska ne, amma duk abin da ya karye an cire shi, maganarta ce kawai a kan tasu. Ta ce in da za a samu ko 'yan guntayen tsohon katakon da tayil ɗin, su za su faɗi gaskiya. Katakon da ya ruɓe daban yake karyewa, wanda iska ta karya da ƙarfinsa daban.

'Yan'uwa, na shiga bas na tafi juji. Ni Istifanus, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana wa'azi a kan zubar da tarkace, na je neman tarkacena. Na samu wani mai riga mai walƙiya na ce masa ina neman fasassun tayil, jajaye, da aka kawo wata Asabar makonni da suka wuce. Ya dube ni daga hula har takalmi. Ya ce ko akwai wanda zai kira mini ya zo ya ɗauke ni.

Daga nan raina ya ɓaci, kuma ban ɓata shi a kan kamfanin ba. A kanku na ɓata shi. Na ce da 'yan'uwan nan sun zauna a gidajensu, da ramin yana nan, da an biya ni. Wa ya aike su? Bulus ya kira ni ban ɗaga ba. Ya sake kira, ya sake, na kife wayar. Na daina zuwa sujada, na ce gwiwa ce. Gwiwar tana ciwo, ba ƙarya, amma ba ita ta hana ni ba. Ba na son in ga fuskokin da suke cikin hoton nan na tuwo. Ku yafe mini.

Wata rana Rifkatu ta zo ta ji numfashin uwarta, ta ja ni kicin ta rufe ƙofa. Ta ce, "Daddy, Mum can't breathe in this house." Ta ce in ba a gyara rufin kafin wani sanyin ya zo ba, dole a sayar da gidan yadda yake, a nema mana ƙaramin flat. Na so in yi mata tsawa irin ta uba. Amma na ji tarin uwarta daga falo, tsawar ta koma ciki.

Mai kimanta gidaje ya zo wata safiya, lokacin da na san Maman Rifkatu ta tafi gonarta. Ya zagaya yana latsa waya, ya tsallake bokitai, ya ce gidan yana da "potential", wato zai yi daraja in an gyara. Ya tsaya a bakin ƙofar kicin, inda muka riƙa zana tsawon Rifkatu da biro tun tana ƙarama, ya ce fenti zai rufe wannan. Da ya fita na hau sama. Na tsaya a tsakiyar bokitai. Ɗis, ɗis, ɗis. Sai ƙarfina ya ƙare.

Na durƙusa. Rabon da in durƙusa a ƙasa tun kafin likita ya hana ni. Na ce:

"Ya Ubangiji, ga bawanka. Kai ka ga iskar nan, ai daga taskarka ta fito. Kai kaɗai ne shaidana, kuma ba ka da email. Na gwada wayona, na gwada Turancin 'yata, na je har juji. Ba ni da sauran dabara. In gidan nan zai tafi, ka ba ni zuciyar da zan sake shi. Amma kada ka bar ƙirjin matar nan ya tafi tare da shi. Ka yi magana, Uba!"

Na yi kuka kamar yaro. Ba ƙura a wurin da zan ɗora wa laifi.

Ban ji murya daga sama ba, ko da yake akwai hanya a buɗe. Abu biyu kawai suka zauna a zuciyata suka ƙi tashi: ka faɗa wa matarka gaskiya, ka kuma ɗaga wa Bulus waya. Na ce, "Ubangiji, ina maganar rufi kana maganar mata?" Abin bai motsa ba. Na ce to, zan duba, watakila mako mai zuwa. Na yunƙura in tashi.

Gwiwa ta ƙi.

Na kama bokiti, bokiti ya zame. Na kama bango, bango da santsi. Allah ya san halina, ya san in na miƙe zan sake shawara, sai ya ajiye ni a nan. Ina durƙushe har na ji an buɗe ƙofar gida, na ji takunta a kan bene.

Ta tsaya a bakin ƙofa da ledar alayyafo a hannu. Ta ce, "Baban Rifkatu, addu'a kake yi ko faɗuwa ka yi?"

Na ce, "Da addu'a dai na fara."

Ta miƙo hannu. Na ce, "Bari tukuna. Zauna, akwai magana." Ta kife wani bokiti ta zauna. Na faɗa mata komai. Sun ƙi biya tuntuni. Na je juji. Yau an zo kimanta gida.

Ta ajiye ledar alayyafon a ƙasa. Sannan ta ce, "Wato duk watannin nan ina shaƙar danshi kana ce mini ana kan magana? Ni da na wanke gawa da hannuna a wurin aiki, ni ce ba zan iya jin labarin rufi ba?"

Na ce, "Don hawan jininki ne."

Ta ce, "Kai ne hawan jinina." Ta numfasa. "Me ka ce matar nan tana nema?"

"Fasassun tayil. Da katakon da ya karye."

Ta dube ni. Na ɗauka kuka za ta yi, ashe dariya take dannewa. Ta ɗaga ni tsaye kamar buhun gero, ta ce, "Sa takalminka."

Muka shiga bas. Muka sauka, ta buɗe wata ƙofar ƙarfe, sai ga ni a gonakin council da na rantse ba zan taka ba. Ta wuce gaba ina ɗingishi a baya, har bayan wata 'yar rumfarta ta ajiye kayan aiki. Akwai tsohon labulenmu na falo a shimfiɗe a kan wani tuli, labulen da na zubar da hannuna tun Rifkatu tana makaranta. Ta yaye shi.

Rufina ne. A jere, a tsare, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Ga katakon an ɗaure shi dami-dami da tsohuwar igiyar shanya, a bushe, ruwa bai taɓa shi ba.

Ta ce, "Ka ce kada ya kwana a gidanka. Ai bai kwana ba. Na ce wa Bulus juji ya yi nisa, gonata tana kan hanya. Tayil zan kewaye alayyafo da su, katako kuma wake zai hau."

Halleluya! Halleluya! Na ɗaga hannu sama na yi ihu har wani tsoho Baturke mai gona kusa da tata ya yar da shebur ya taho da gudu, ya ɗauka mutuwa aka yi. Na rungume shi. Na rungumi katako. Na je zan rungumi matata ta ce, "A gaban mutane? Riƙe kanka, dattijo."

A nan tsaye na kira Bulus. Ya ce, "Baba! Ashe kana raye. Na yi ta kira in ji ko facin yana riƙewa." Na ba shi labari. Ya ce, "Haba Baba! Da ka ɗaga sau ɗaya ai da na faɗa maka inda na sauke su. Mama ce ta ce in rufa mata asiri a kan tarkace, ba ta ce in bar gida ya tafi ba." 'Yan'uwa, kun ji. Amsar addu'ata tana ta ringing a aljihuna watanni, ni ina kife ta.

Matar nan mai duba gine-gine ta zo har gonar da takalmin roba. Ta soka sukuddireba a katakon, ya ƙi shiga. Ta nuna mini inda ya karye, fari tas, da tsini kamar rake. Ta juya tayil ɗin, bakin fashewar sabo ne, ba gansakuka, ƙusoshin ma ba su ci tsatsa ba. Ta ɗauki hotuna har na gaji da riƙe mata. Bulus ya ba da shaidar abin da ya tarar a kan rufin da abin da ya sa da hannunsa bayan iska. Rifkatu ta haɗa duka ta tura, ta kuma sanar da su cewa in ba su sake dubawa ba, akwai ofishin da yake raba gardama tsakanin mutane da kamfanonin inshora, kuma ta san hanya.

Suka aiko wani mutum dabam, mai furfura kamar ni. Shi ma sai da ya taka gonar. Ya tambaye ni me ya sa na ce abin da sauƙi a waya. Na ce, "A wurinmu in ba a mutu ba, da sauƙi ne." Ya yi murmushi ya rubuta. Shi kam ya sha kunu, har ya nemi ƙari.

Ba mu kai ga ofishin raba gardama ba. Wata rana da hantsi waya ta yi ƙara, suka ce sun sake nazari, iska ce. Iska ce! Abin da kwandunan sharar titinmu suka sani tun ranar farko. Za su gyara rufi da silin da bango. Sun cire ɗan abin da suka saba cirewa, na yafe musu, ko da yake ba su nemi gafara ba.

Ku yabi Ubangiji! Kafin sanyi ya dawo an gama aikin. Fumfuna ta tafi. Ƙirjin Maman Rifkatu ya yi shiru, sai in tana mini faɗa, kuma wannan lafiya ce. Mai kimanta gidaje ya kira yana tambaya ko mun shirya, na ce masa "potential" ɗin muna amfani da shi. Zanen biro yana nan a ƙofar kicin.

Ina gode wa Allah wanda bai duba fushina ba. Ina gode wa Zumuntar Mata da samari da duk wanda yake cikin hoton nan na tuwo. Na sa an wanke shi, yana rataye a falo. Bulus, ɗana, na gode, kuma yanzu ina ɗaga waya. Ba gayyarku ce ta cuce ni ba. Ita ta ba mu wurin kwana, ita kuma ta kai rufina inda Allah ya ɓoye shi.

Amma ga gargaɗi daga dattijo. Kada mu bar gayya, ita ce arzikinmu a ƙasar nan. Sai dai in iska ta taɓa gidanka, ka yi addu'a, ka ɗauki hoto ta kowace kusurwa, ka ajiye duk abin da ya karye, sannan ka kira Bulus. In an tambaye ka a waya, ka faɗi ɓarnar yadda take, godiyar ka kai wa Mai ita. Maza kuma, ku faɗa wa matanku gaskiya tun gwiwa ba ta kama ku ba.

Yanzu kowace Asabar za ku same ni a gonar council ina ɗaukar ruwa. Fartanyar da na gudu daga gare ta ta same ni. Tayil ɗin sun kewaye alayyafo, wake ya hau katakon har ya yi fure. Na buɗe robar ice cream jiya na tarar da daddawa, na ce na gode Allah, na mayar da murfin a hankali.

Kai da kake karanta wannan ruwa yana zuba a kanka, ko wane irin ruwa ne, kada ka ce an manta da kai. Ka durƙusa, ka faɗa masa yadda abin yake, ba da sauƙi ba. Ka dogara gare shi. Ni na ba da umarni da babbar murya a zubar da ceton gidana, Allah kuwa ya riga ya sa an lulluɓe shi da tsohon labule yana jirana.

Da safen nan an yi ruwa sosai. Na hau sama na zauna a bakin gado, na cire hula, na kasa kunne. Duk a waje yake zuba.

Ɗaukaka ta tabbata ga sunan Yesu. Amin!